Buhun Ƙasar da Na Kai wa Farfesa

Tun kafin 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa su riga ni, bari in faɗa da bakina: in wawan da ke cikin wannan labari kake nema, kada ka wahalar da kanka, ga ni nan. Sunana Ilu, mutumin Matameye, gemu fari fat. Na yi lakwal, makarantar boko, har aji huɗu kafin ni da mushe, malaminmu, mu fahimci cewa ɗaki ɗaya ba zai ɗauke mu ba. Ina karanta allon mota, ina sa hannu a takarda, Faransanci kuma na san daidai wanda in an zage ni zan gane. Da wannan ilimi na ƙetare iyaka uku ɗauke da buhu biyu na ƙasa. Ƙasa fa, wadda ake takawa.

Wadda ta jawo mini tafiyar 'yar ƙanena ce, Allah ya jiƙansa. Sunan mahaifiyarmu aka sa mata, saboda haka bakina bai taɓa kiran sunan ba. Uwani nake ce mata, ita kuma ta ɗauki abin da gaske, tun tana 'yar mitsitsiya take yi mini faɗa. Lokacin da sa'o'inta ke dafa tuwon wasa, ita ɗakuna take ginawa da laka a ƙofar zaure, ni kuma in na fito sallah in take su, ta bi ni da kuka har masallaci. Ta gama lakwal a nan, ta yi lise, wato sakandare, a Damagaram, aka tura ta Lome ta koyi zanen gine-gine, daga can ta haye ƙasar Faransa. Duk muka zuba ido za ta dawo ta tsayar mana da bene mai gilashi. Da ta dawo muka tambaye ta a kan me aka ba ta digirin dakta, sai ta ce a kan ginin ƙasa. Na ce, “Uwani, har Faransa kika je don a koya miki tubali? Da kin yi magana, ai da na haɗa ki da Sarkin Magina, kyauta.”

Yanzu farfesa ce a wata makarantar koyon zanen gine-gine a Lome. Duk hutu tana gida. Za ka gan ta da hula mai faɗi tana shiga gidajen mutane tana rataye 'yan na'urori masu auna zafi, ɗaya a ɗakin tol, wato mai rufin kwano, ɗaya a tsohon soro, ta dawo ta duba kamar mai duba tarko. Tana tara magina a ƙarƙashin bishiyar bedi ta tambaye su abin da ya sa bango kaza ya shekara hamsin, bango kaza kuma damina ɗaya ta kwantar da shi. Su ce ikon Allah. Ta ce ta yarda, amma tana so ta san ta wace hanya ikon ya biyo. Tunda giginya ta ƙare a dajinmu, babu azara, ta koya musu rufin baka da bulon ƙasa zalla, ba itace ko ɗaya. Ni dai ina kallo ina tsokana, don aikina ke nan.

Tsokanar ta tsaya mini a wuya a wata bazara. Mariya, matar autana, ta shiga naƙuda da tsakar rana, aka kai ta ɗakin haihuwa na unguwarmu. Ginin siminti ne mai rufin tol, taga ɗaya. Da rana in ka shiga sai ka ji kamar an tura ka tanderun mai burodi. Yarinyar nan ta suma a kan gado. Unguwarzoma ta sa aka fito da ita gindin bishiya, mata suka kwance mayafai suka kewaye ta, a nan ta haihu, mu maza muna can bakin titi mun juya baya. Ta rayu, jaririn ya rayu, amma na ga fuskar ɗana ranar, kuma ban ƙara yin dariyar na'urorin Uwani ba sai a ɓoye.

Shekarar da ta biyo baya meri, wato ofishin magajin gari, ta samu halin gina sabon ɗakin haihuwa. Uwani ta ce za ta zana shi kyauta, da ƙasar garin, mai sanyi. 'Yan majalisar meri suka ce ƙasa ta talaka ce, ruwa zai cinye ta. Suka ba ta zuwa faɗuwar damina: ta kawo bulon da aka yi da ƙasar Matameye, a jiƙa shi, a danne shi a gabansu. In bai tsaya ba, ɗan kwangila na nan da simintinsa da tol ɗinsa, a sake gina wa mata wani tanderun. Kuma da zarar ruwa ya sauka, ramukan da ake ɗiban ƙasa sun cika, magana ta mutu. Ita kuwa tana can Lome, jarrabawar ɗalibai a gabanta, ga wani babban taro a Turai da aka gayyace ta ta yi bayanin aikinta na shekaru. Ta kira ni a salula ta ce a ɗebo mata buhu biyu: jar ƙasa daga ramin hanyar Tsauni, baƙa daga na hanyar Yauri, a ba direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo mata ta gwada a injinta.

Babu direban da ya yarda. Kowa ya ji an ce ƙasar gari za a kai wa wani a ƙasar waje, sai ya ja da baya. Wani ya ce mini, “Baba Ilu, ni ban ɗaukar ƙasar sawun mutane. Ban san wa za a yi wa aiki da ita ba.” Na yi rantsuwa har na gaji. Daga ƙarshe na bugi ƙirji na ce ni zan kai, ai na yi ci-rani a Legas tun ba a haifi direbobin nan ba. Abin da ban faɗa ba shi ne, rabona da ci-ranin nan ya kusa shekara arba'in. Hajiya, matata, wadda ta je Makka ta bar ni ina gadin awaki, ta tsinci wani curin jar ƙasa daga ragowar da aka zube a ƙofar gida, ta naɗe a tsumma ta sa mini a jaka, ta ce, “Ga na taimama. Can ƙasarsu ba ka san abin da ya taka ta ba.”

Wahala ta fara tun a shingen farko bayan mun shiga Najeriya. Wani mai kaki ya soka ƙarfe a buhu, ya zaro, ya ga ƙasa. Ya dube ni, ya dubi katina, ya ga Nijar.

“Baba, zinariya ce?”

“Ƙasa ce, ɗana.”

“Ko irin ma'adinin nan naku ne da ake haɗa bam?”

“Ƙasar bulo ce. Farfesa za a kai wa.”

Ya kira ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya kira babbansu. Babban ya murza ta a hannu, ya shinshina, ya ce tun da yake aiki ya kama mai ɓoye kaya a cikin ƙasa, amma bai taɓa kama mai ɓoye ƙasa a cikin ƙasa ba. Suka zazzage buhun a gefen titi suna tonawa, fasinjoji na zagina ta taga, ni kuma na durƙusa ina kwashewa da tafin hannu. Da na koma mota, matar da ke kusa da ni ta ɗauke ɗanta ta mayar ɗaya cinyar, tana karanta addu'a ƙasa-ƙasa.

A Kano na yanke shawarar da ta kashe ni. Na ce daga yau ba zan ƙara cewa ƙasa ba ce, na gaji da kallon mahaukaci ko boka. A doguwar motar Legas duk wanda ya tambaya sai in gyara hula in ce, “Kayan bincike ne. Na wata babbar farfesa. Ba a faɗar sunansa.” Nan take daraja ta dawo. Aka matsa mini wuri, wani ya saya mini tsire. Har na fara jin cewa lallai ni ma ina cikin binciken.

Tafiyar Legas ba ta tsoho ba ce. Gwiwoyina suka kumbura, bayana ya ƙage. Tun daga inda muka ƙetare babban kogi bishiyoyi suka rufe sama, iska ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. In an tsaya sallah, ƙasar wurin baƙa ce, danƙare da man mota da abin da ba na son sani, ruwa kuma na sayarwa ne. Sai in kwance tsumman Hajiya in dafa curin nan in yi taimama. Duk lokacin da na dafa shi sai in ji ƙanshin ƙofar gidana bayan yayyafi. Ni da na yi ta faɗin na san duniya, ga ni ina shinshinar hannuna kamar yaron da aka yaye.

Legas ɗin da na sani an kwashe ta an kawo wata. Na sauka a tasha da hantsi, buhu biyu a gabana, ban san gabas ba. Ina tsaye sai ga wani saurayi mai tsabta, wanda muka taho mota ɗaya, ya durƙusa har ƙasa.

“Kawu, ba mutumin Matameye ba ne? Ni ma uwata 'yar Tsauni ce.”

Hausarsa irin tamu, har da yadda muke jan magana. Ya tambaye ni ko har yanzu ana cin kasuwa kamar da, ya tambayi rijiyar bakin hanya. Wallahi na ji kamar in rungume shi. Ya ce motar Kwatano tana can ɗaya gefen gada, bai kamata dattijo kamata ya ɗauki kaya ba. Ya ce, “Wanne ne ya fi muhimmanci, Kawu, in riƙe shi da kaina?” Ni kuma, don in ƙara wa kaina girma, na nuna jar ƙasa na ce, “Wannan. Shi ne asalin sirrin.” Ya saɓa a kafaɗa, na ja baƙar a baya. Muka shiga cunkoso. Na ga hularsa, na ga hularsa, sai na ga hular wani.

Na daɗe a tsaye a kan gadar nan. Har yanzu in na tuna, abin da ke ɗan sanyaya mini rai shi ne in hasko fuskar yaron lokacin da ya kulle ɗaki, ya kwance bakin buhu.

Wadda ta tsince ni wata Alhaja ce Bayarabiya mai sayar da atamfa, ƙatuwa, mai murya kamar lasifika. Ta ga tsoho zaune a kan buhu yana share ido da hannun riga. Da Hausarta ta Sabon Garin Kano ta ce, “Baba, wa ya mutu?” Na ce ba kowa, ƙasa aka sace mini. Ta ce, “Fili?” Na ce a'a, ƙasa a buhu. Ta yi dariya har ta dafa ƙarfen gada, sannan ta ga ba wasa nake ba. Na ba ta labarin Mariya da gindin bishiya. Dariyar ta ɗauke. Ta ce ita ta taɓa rasa ɗa a irin wannan ɗaki. Ta sa yaran shagonta suka ɗauki buhun, ta zaunar da ni ta ba ni shinkafa mai barkonon da ya sa na ga taurari da rana, ta kai ni har motar Kwatano, ta ja kunnen direba da Yarbanci. Da za mu tashi ta leƙo ta taga ta ce, “Ka kira farfesar ka gaya mata gaskiya tun yanzu.” Na ce to. Ban ma tambayi sunanta ba, Allah ya saka mata.

Ban kira ba. Na zaro salula, na tuna yadda na bugi ƙirji a gaban direbobi, na mayar aljihu.

Bayan Kwatano motarmu ta lalace a wani ƙauye, muka sauka ana gyara. Ina zagayawa sai na ga inda ake haƙa harsashin gida, an tara ƙasa tsibi guda. Ja ce. Ja wur, har ta fi tamu kyau a ido. Na tsaya ina kallonta, ilimina na aji huɗu ya motsa. Na ce a raina, Ilu, Allah ne ya kawo ka. Ƙasa ai ƙasa ce, duk Ubangiji ɗaya ya shimfiɗa ta. Na sayi buhu a wurin mai gawayi, na karkaɗe, na roƙi ma'aikatan da hannu da ka. Suka cika mini suna dariya, ɗaya har ya ɗaure mini baki da kyau. Na koma mota da buhu biyu kamar yadda na fito daga gida, zuciyata fes, sai ɗan wani wuri da ke ƙaiƙayi.

Uwani ta tare ni a tashar Lome. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban jama'a, farfesa guda, sannan ta miƙe ta fara faɗa: me ya sa ban kira ba, me ya sa na rame, wa ya ce in taho da wannan takalmin. Ta shafa buhunan kamar mai shafa kan 'ya'ya. Ta ce, “Baffa, ba ka san abin da ka ɗauko ba.” Na ce a raina, ke ce ba ki sani ba.

Ko kwana ban yi ba zazzaɓi ya kayar da ni. Ba irin namu ba ne, wannan na bakin teku ne, mai shiga ƙashi. A hanyar zuwa likita muka wuce wata maƙabarta, na ga ruwa kwance tsakanin kaburbura, ciyawa ta kai ƙugu. Abin ya tsaya mini a rai. Ina kwance ana ƙara mini ruwa, jikina na rawa, na kama hannunta na ce, “Uwani, ki yi mini alkawari. In ta Allah ta kasance, kada ki bari a sa ni a cikin laka. Ko a bayan kamiyo ne ki kai ni gida, kusa da mahaifinki, inda ƙasa take a bushe.” An ce har kuka na yi. Ni ban tuna da kukan ba, kuma ban yarda da shaidar mutum ɗaya ba. Ta ce, “Ba inda za ka, Baffa. Sha maganinka.” Ita ta yi jinyata, tana gyara takardun jarrabawa a gefen gado. Ita ce kuma ta riƙa miƙo mini curin Hajiya in lokacin sallah ya yi, don ba na iya taɓa ruwa.

Da na samu ƙafa ta kai ni makarantarsu. Nan na ga abin da ban taɓa zato ba. Samari da 'yan mata daga ƙasashe barkatai, wasu sun fi ta tsawo da kai guda, tana shigowa suka yi tsit. A bango ga hotunan soraye na Birnin Damagaram, ga zauren gidanmu da kansa, wanda nake ɗaure akuya a gindinsa, an sa shi a gilashi. A wani ɗaki ga injin matse bulo, ga wani na danne shi har ya fashe, ga ƙananan ɗakuna da aka gina a fili, kowanne da na'urar zafi a ciki. Ta nuna mini zanen ɗakin haihuwar: bango mai kauri, rufin baka, 'yan tagogi a can sama inda zafi zai fita, da rumfa ta mata masu jira, don ta ce ta lura ba a taɓa zuwa haihuwa mutum ɗaya ba. Ta gabatar da ni ga ɗalibai da Faransanci. Na tsinci “babana” da “jarumi” a ciki. Suka tafa mini. Wurin nan da ke ƙaiƙayi ya fara zafi.

Aka kwance buhunan. Ta ɗebi baƙar, ta jiƙa, ta murza, ta gyaɗa kai. Ta ɗebi jar. Ta murza. Ta shinshina. Ta ɗan sa a haƙori. Ba ta dube ni ba. Ta sallami ɗaliban ta ce su je su ci abinci. Da ɗakin ya rage mu biyu, ta ce, “Baffa, ara mini abin taimamarka.”

Ta gutsuri rabi ta marmasa a kwalba, ta zuba ta buhu a wata kwalbar, ta cika su da ruwa, ta girgiza, ta ajiye a kan tebur. Muka zauna muna kallo kamar masu jiran shayi. Ta gida ta kwanta da wuri, yashi ya taru a gindi da kauri, ruwan sama ya fara washewa. Ɗayar kuwa ta tsaya ja jawur kamar kunun kanwa, ta ƙi kwanciya.

“A ina ka ɗebo wannan?”

“Hanyar Tsauni.”

“Baffa.”

“To... hanyar ce dai ta ɗan yi tsawo.”

“Wannan ƙasar bakin teku ce. Irinta ce a bayan makarantar nan, kullum ɗalibaina a kanta suke koyo. Da na yarda da ita na auna haɗin, na aika wa magina su bi, da bulon ya marmashe a gaban meri. Ko kuma ya tsaya ranar, ya faɗo daga baya a kan mai jego.”

Wannan ta ƙarshen ce ta shige ni. Na ba ta labarin yaron Tsauni da gada da Alhaja, ban rage komai ba. Na jira faɗa. Da ta yi faɗan da na ji daɗi. Sai ta tambaye ni ko yaron ya ture ni, ko na ji ciwo. Daga nan ta ɗaga kwalbar gida ta duba ta a hasken taga, ta ce curin ya nuna mata jar tamu za ta haɗu da baƙar, amma curi ɗaya ba ya bulo, kuma meri bulo ta ce. Ta daɗe tana kallon takardar gayyatar taron Turai da ke manne a jikin allo. Ta cire ta, ta sa a aljihun tebur, ta ɗauki salula ta fita waje. Ina jin ta tana ba wani haƙuri da Faransanci. Wannan karon ba zagi ba ne, amma na gane.

Na ce mata, “Uwani, shekara nawa kina jiran taron nan?” Ta ce, “Taro na dawowa, Baffa. Damina ma na dawowa, amma ɗan kwangila ba ya jira.”

Ta miƙa sakamakon jarrabawa, aka ɗaure ƙaramin injin matse bulo a kan motarta, muka kamo hanyar gida. A kowane shinge aka tambayi menene wannan ƙarfe, kafin in buɗe baki sai ta ce, “Baffa, ni zan amsa.” Mun iso Matameye hadari na haɗuwa a gabas kowace yamma yana watsewa. Washegari tana cikin ramin hanyar Tsauni da magina, zani ɗaure a ƙugu. Suka yi ta haɗi, ja kaza, baƙa kaza, ɗan siminti kamar gishiri a miya, a matse, a rufe, a jira. Na farko ya tsage. Na biyu gefensa ya zube. Ni aka ba aikin yayyafa wa bulo ruwa da korar awaki, kuma ban ce ya yi mini kaɗan ba. Kowace yamma in na ga gabas ta yi baƙi sai in je in ƙirga bulon da ya bushe, don na san in ruwan nan ya riga mu, sunana ne a kai.

Ranar gwaji aka taru a harabar meri. Aka tsamo bulo daga bahon da ya kwana a ciki, aka jera, aka sa direban kamiyo, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi ɗaukar ƙasar, ya hau kai da taya. Ɗan kwangila na gefe yana murmushi. Taya ta hau, ta tsaya, ta sauka. Wani ɗan majalisa ya sunkuya ya ɗauki bulon, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da makullin babur, ya buga da ƙasa. Sannan ya ce, “To, Madam, ko za a yi mini irinsa a gida?” A makon nan ruwan farko ya sauka, ya tarar da bulonmu a jere ƙarƙashin rumfa.

An gama ginin bayan kaka. Bazarar da ta biyo Mariya ta sake haihuwa, a ciki, da tsakar rana. Unguwarzoma ta ce har mayafi ta nema. Uwani ta zo suna. Bayan an watse na ce ta raka ni in ga ɗakin da idona, tunda ranar babu mai naƙuda. Muka shiga daga rana mai ƙona ƙeya, sanyi ya sauko mini a kafaɗa kamar na shiga randa. Mata na zaune a rumfar jira, har da Hajiya da unguwarzoma. Na ga jama'a sun samu, bakina ya fara ƙaiƙayi. Na shafa bangon, na gyara murya.

“Kun ga wannan gini? Da ƙafata aka yi shi. Iyaka uku na ƙetare.” Mata suka ce sannu Baba. Na ƙara samun ƙarfi. “Kuma in don ta ni ne, da ba a sha wannan wahala ba. Waccan jar da na samo a hanya ma da ta yi. Su dai masu ilimi ba su son abu mai sauƙi. Ƙasa ai ƙasa ce, ko ta ina.”

Uwani tana duba wata taga a sama, ko juyowa ba ta yi ba.

“Haka ne, Baffa. Shi ya sa da zazzaɓi ya kama ka a Lome ka riƙe hannuna kana kuka, wai kada a binne ka a tasu.”